Zaren da Ya Tsinke: Nazarin Lamarin Wani Gidan Saƙar Fashmina a Srinagar, 2002 zuwa 2024

Gidan da sana'arsa kafin 2002

Gidan da wannan nazari ya bi yana cikin tsohon birnin Srinagar, a ɓangaren Kashmir da ke hannun Indiya, cikin wata unguwa da ba ta da nisa da kogin Jhelum. An sakaya sunansa da na mutanensa. Gida ne na gadon saƙa, irin wanda mutanen garin ke kira karkhana, maigidan kuma suna ce masa wasta, wato ubangidan aiki: shi ke sayen gashi, ya raba wa masu hannu, ya karɓo abin da suka gama, ya biya su, sannan ya nemi mai saye. A saman bene akwai masaƙar hannu guda huɗu, amma yawancin aikin ba a nan ake yinsa ba, domin mayafi ɗaya ba ya kammala sai ya ratsa gidaje da dama.

Mayafin da gidan ke saƙawa shi ake kira fashmina, kuma tushen komai shi ne fashm, kalmar Farisanci mai nufin ulu, wato lallausan gashin da ke tsirowa ƙarƙashin gashin waje na akuyar Changthangi. Makiyayan Changpa ne ke kiwon wannan akuya a tudun Changthang na Ladakh, yankin tsaunuka da ke gabas da Kashmir, sama da mita 4,000 daga matakin teku, inda tsananin hunturu ke sa jikinta ya fitar da wannan rufi. Idan sanyi ya ja da baya, wajen watan Yuni, sai a sharce shi da matsefi, ba a aske shi. Kaurin silinsa maikiron 12 zuwa 16 ne (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), gashin kan mutum kuwa ya ninka haka sau huɗu ko fiye. Mayafi mai faɗin santimita 100 da tsawon santimita 200 yakan kai nauyin giram 200 ko kusa da haka, kuma yakan cinye abin da akuya uku ko makamancin haka suka bayar a shekara.

Daga nan aikin mata ne a cikin ɗakunansu. Su ke tsince gashi mai kaushi sili-sili, su cuɗa mai laushin da garin shinkafar da aka jiƙa don ya yi kwari, su taje shi, su kaɗa shi a kan keken kaɗi na katako da suke kira yinder. Ƙwararriyar mai kaɗi 'yan giram kaɗan take fitarwa a wuni, saboda haka zaren mayafi ɗaya yakan ɗauki makonni, alhali saƙa shi, in ba mai ado ba ne, kwanaki kaɗan ne. Ana biyanta bisa yawan ƙullin zaren da ta kawo.

Ado iri uku gidan ya sani. Na farko shi ne kani, wanda ake saƙa zanen a cikin jikin mayafin da 'yan tsinkayen katako masu ɗauke da zare launi-launi, mai saƙa yana bin wani rubutu na alamomi da ake kira talim, wanda ke gaya masa yawan silin da zai ɗaga da launin da zai sa. A wuni da ƙyar ya ci santimita biyu ko uku. Na biyu shi ne sozni, aikin allura da zaren siliki a kan zanen da aka buga da hatimin katako, kuma idan adon ya rufe mayafin baki ɗaya, wanda ake kira jamawar, yakan kai shekara ko fiye a hannun mutum guda. Na uku shi ne kalamkari, inda ake zana furanni da alƙalami da buroshi da ruwan rini, sannan a bi gefensu da allura. A ƙarshe akwai marini, da mai wanki, da mai tsince burtsatsen zare da hantsaki, da rafugar, wato mai gyaran ɓaraka ta yadda ido ba zai gano wurin ba.

Dattawan gidan sun taso suna jin labarin wahalhalun da sana'ar ta sha a baya: harajin da ya fito da masu saƙa kan titi ranar 29 ga Afrilu 1865, inda wasu suka rasa rayukansu a unguwar Zaldagar ta Srinagar, kwaikwayon injin da garin Paisley na Sikotland ya cika Turai da shi, da rushewar kasuwar Faransa bayan yaƙinta da Furushiya, ɗaya daga cikin daulolin Jamus na da, a 1870 zuwa 1871. Sun ɗauki jabu a matsayin tsohon abokin gaba da aka saba zama da shi.

2002 zuwa 2008: farkon matsalar

Abubuwa biyu ne suka haɗu a wannan tsakani. Na farko shi ne haramcin shahtush, mayafin da ake yi da gashin barewar Tibet mai suna chiru, wadda ba a samun gashinta sai an kashe ta. Dokar ƙasa da ƙasa ta hana cinikinta tun 1979, amma jihar Jammu da Kashmir ba ta shigar da haramcin cikin dokarta ba sai a 2002. Gidan, kamar maƙwabtansa da yawa, yana taɓa wannan aiki jefi-jefi, kuma ribarsa ce ke toshe giɓin watannin da fashmina ba ta tafiya. Da aka rufe ƙofar, masu kaɗi da masu saƙar shahtush suka kwararo cikin fashmina, hannaye suka yi yawa, lada ya tsaya cik.

Na biyu, wanda ya fi yin ɓarna, shi ne zaren inji. Silin fashm gajere ne kuma ba shi da ƙarfin da zai jure jan inji, don haka masu masana'antu suka riƙa gauraya shi da nailon a kaɗa su tare, a saƙa a injin lantarki, sannan a tsoma yadin cikin ruwan asid ya narkar da nailon. Abin da ke fitowa a ido fashmina ne, a taɓawa ma haka, sai dai asid ɗin ya riga ya raunana silin, bayan 'yan shekaru sai mayafin ya fara tattara ƙudunduno yana sakin jiki. Ƙasa da wannan kuma akwai na ulun tumaki da na zaren bisko, wato zaren masana'anta mai santsi kamar siliki, waɗanda masana'antun biranen Amritsar da Ludhiana na Indiya ke fitarwa, ana manna musu takarda mai sunan fashmina, ana sayar da su a ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na kuɗin na ainihi. Mai karatu da ya taɓa shiga Kantin Kwari ya san gyalen da ake kira da wannan suna. Dangin waɗannan ne, kuma ba laifin mai sayarwa ko mai saye ba ne, sunan ne ya riga ya rabu da abin tun daga tushe.

Mai saye ba shi da hanyar bambancewa. Gwajin zura mayafi ta cikin zobe, wanda 'yan kasuwa ke burge baƙi da shi, bisko ma yana cin sa. Gwajin ƙona bakin zare a ji ƙaurin gashi, ulun tumaki ma yana cin sa. Dillalan da ke karɓar kayan gidan suka fara dawo da su da magana guda: sun yi tsada.

2008 zuwa 2013: matakan farko da abin da suka haifar

A 2008 aka yi wa fashminar Kashmir da sozni da kani rajista a ƙarƙashin dokar Indiya ta 1999 mai kare sunan kayan da suka keɓanta da wani wuri, abin da ake kira GI a taƙaice. Sharuɗɗan fashmina guda huɗu ne: ya zama fashm zalla, kaurin silinsa kada ya wuce maikiron 16, a kaɗa shi da hannu, a saƙa shi da hannu. Amma a waɗannan shekaru babu ɗakin gwajin da zai tabbatar da hakan, saboda haka rajistar ta zauna a takarda, maigidan kuma ya nemi mafita da kansa.

Matakinsa na farko shi ne rage farashi. Da yake kuɗin gashi ba ya hannunsa, ragin sai ya faɗa kan lada, mafi rauni a layin kuwa ita ce mai kaɗi. Ladan ƙulli ya riga ya shafe shekaru bai motsa ba yayin da shinkafa da gawayi ke hawa, don haka tsofaffin suka ci gaba bisa sabo da rashin wata hanya, 'ya'yansu mata kuwa suka ƙi koyo. Duk da ragin, mayafin gidan bai ko kusanci farashin na inji ba.

Mataki na biyu shi ne ya fara sayen zaren inji yana saƙawa a masaƙar hannu. Aiki ya yi sauri, zaren ba ya yawan tsinkewa, kuma masu saƙa sun ji daɗinsa. Sai dai kowane gida a unguwar yana iya yin haka, ba kuma wanda zai iya gane na wane ne. Cikin 'yan shekaru matan da ke kaɗa wa gidan suka watse, wasu suka jingine yinder a rufin ɗaki, wasu suka sayar.

Mataki na uku shi ne ƙara nauyi kan kalamkari, da tunanin cewa zane da buroshi ya fi allura sauri kuma matasan birane suna son launi. Shekara biyu na farko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Daga baya injinan buga zane suka fara fitar da irin furannin nan a kan yadi mai araha, kuma wata tsohuwar mai saye ta dawo da mayafin sozni da aka yi wata da watanni ana ɗinkawa, saboda yadin da ke ƙarƙashin adon ya fara lalacewa alhali ɗinkin yana nan daram. Mai allurar da ya yi aikin, dattijo ne da idonsa ya fara rauni, ya shaida wa maigidan cewa ba zai sake zuba shekararsa a kan yadin da ba zai kai jikokin mai shi ba.

2013 zuwa 2014: ƙanƙara da ambaliya

A hunturun farkon 2013 dusar ƙanƙara mai yawa ta rufe wuraren kiwo a Changthang, awaki fiye da 20,000 suka mutu, gashi ya yi wuya ya yi tsada. A watan Satumba na 2014 kuma Jhelum ya yi ambaliya ya shanye tsakiyar Srinagar na kwanaki. Ruwan bai hau benen gidan ba, amma kayan da ya gama, ciki har da jamawar guda biyu, suna ajiye a shagon wani dillali a ƙasan gari bisa sharaɗin sai an sayar a biya. Laka ta ci su, kuma da yake babu rubutacciyar yarjejeniya, asarar ta koma kan wasta. A ƙarshen shekarar masaƙa ɗaya ce kawai ke aiki cikin huɗun.

2015 zuwa 2019: komawa kan zare

A 2013 an buɗe cibiyar gwajin fashmina da tabbatar da ingancinta a harabar Cibiyar Bunƙasa Sana'o'in Hannu da ke Srinagar. Ana duba sili a madubin ƙara girma, a auna kaurinsa, a duba yanayin murɗin zare don a gane na hannu ne ko na inji, sannan a manna wa mayafin da ya ci jarrabawa wata alama mai lamba wadda ba ta ciruwa sai ta lalace. Babbar 'yar maigidan, wadda ta yi karatu kuma ta karɓi riƙon lissafin gidan bayan ambaliya, ita ce ta matsa a kai kaya.

Kashin farko da aka kai ya faɗi. An saƙa shi da zaren da wani ɗan kasuwa ya rantse na hannu ne, gwaji kuwa ya nuna cewa zaren tsaye na inji ne, na kwance kaɗai aka kaɗa da hannu. A nan gidan ya fahimci cewa matsalarsa ta wuce ta kasuwa: ko da mai saye ya zo da kuɗinsa yana neman na ainihi, ba shi da zaren da zai saƙa masa.

Gyaran ya ɗauki kusan shekara uku, kuma an bi shi daki-daki. An daina sayen zare kwata-kwata, aka koma sayen gashi daga Leh, babban garin Ladakh, inda ƙungiyar gamayyar makiyayan Changthang ke da injin cire gashi mai kaushi tun 2004. Wannan ya ɗauke wa mata aikin tsinta, wanda shi ne mafi cin ido da lokaci. 'Yar maigidan da mahaifiyarta suka bi gida-gida suna neman matan da suka taɓa kaɗa wa gidan. Da yawa suka ƙi, suna cewa an taɓa watsar da su, kuma gaskiya suka faɗa. Waɗanda suka amince an canza musu tsarin biya: ana auna gashi a ba su, a auna zare a karɓa, a biya bisa giram da kuma sirantar zaren, a hannu, ranar da aka kawo, ba sai an sayar da mayafi ba. Ladan ya ninka na da. An gwada keken kaɗi mai feda irin wanda jami'ar aikin gona ta Sher-e-Kashmir ta inganta. Ƙananan matan suka karɓe shi domin ya fi sauri kuma ana zama a kujera, tsofaffin kuwa suka ce hannunsu ya saba da yinder, aka bar kowa da abin da ya fi masa.

An kuma buɗe littafi. Kowane mayafi yana da shafinsa: nauyin gashi, wadda ta kaɗa, wanda ya saƙa, wanda ya zana ko ya ɗinka, da kwanakin da kowannensu ya ɗauka. Wannan littafi, a ganina, ya cancanci a kula da shi, domin shi ne karo na farko a tarihin gidan da sunan mai kaɗi ya shiga rubutu.

Saura batun zaren inji. Gidan bai iya barinsa baki ɗaya ba, saboda zaren hannu bai isa ya ciyar da masu saƙa duk shekara ba. Abin da aka yi shi ne raba kaya gida biyu, kowanne da sunansa da farashinsa, ana gaya wa mai saye a fili cewa wannan saƙar hannu ce da zaren inji, wancan kuma hannu ne tun daga kaɗi. Sozni mai nauyi da kani da kalamkari na musamman an keɓe su ga yadin zaren hannu kaɗai. Dattijon mai allura ya dawo bisa wannan sharaɗi. Zuwa 2018 kayan gidan suna cin gwaji a kai a kai, kuma an fara samun masu saye kai tsaye ta WhatsApp da Instagram, waɗanda ke biyan rabin kuɗi kafin a ɗora zare.

2019 zuwa 2021: katsewa

Ranar 5 ga Agusta 2019 gwamnatin Indiya ta soke matsayin musamman na Jammu da Kashmir, aka yanke waya da intanet. Intanet mai rauni ya dawo a Janairun 2020, mai sauri kuwa sai a Fabrairun 2021, kuma a tsakani annobar korona ta rufe yawon buɗe ido da baje koli. Hanyar ciniki da aka gina ta toshe dare ɗaya. Gidan ya ci bashi, ya sayar da wani tsohon mayafin kani na gado, amma bai dakatar da biyan masu kaɗi ba, kuma da yake aikinsu na cikin ɗaki ne, dokar hana fita ba ta tsayar da su ba. Zare ya taru a akwati. Ɗaya daga cikin masu saƙa ya bar sana'ar ya koma tuƙin mota, bai kuma dawo ba.

2021 zuwa 2024: inda lamarin ya tsaya

A Nuwamban 2021 UNESCO ta sa Srinagar cikin jerin biranen ƙirƙira a fannin sana'ar hannu, hukumar sana'o'in yankin kuma ta fara kai baƙi zagayen gidajen masu sana'a a tsohon gari. Daga baya alamar GI ta samu lambar QR da mai saye zai duba da wayarsa. Gidan ya shiga wannan lokaci da abin da maƙwabtansa da yawa ba su da shi, wato tarin zaren hannu da aka kaɗa a watannin kulle.

An samu cikas guda. Wani ƙunshin kaya da aka aika Turai ya maƙale watanni a wani filin jirgin sama bisa zargin akwai gashin chiru a ciki, matsalar da ta addabi masu fitar da fashmina da yawa a shekarun nan, domin alamar GI tana shaidar aikin hannu ne, ba ita ake nema wajen batun namun daji ba. An saki kayan bayan bincike, amma mai sayen ya riga ya janye. Tun da aka buɗe cibiyar tantance fashmina a Cibiyar Nazarin Namun Daji ta Indiya da ke Dehradun a 2023, gidan yana kai duk abin da zai ƙetare iyaka can tukuna, duk da ƙarin kuɗi da jinkirin da ke ciki.

A Yunin 2024, lokacin da Majalisar Sana'o'in Hannu ta Duniya ta ba Srinagar lambar birnin sana'a, gidan ya biya bashinsa. Yawan mayafan da yake fitarwa a shekara bai kai na farkon shekarun 2000 ba, amma kowanne yana da mai shi kafin a sauke shi daga masaƙa.

Hukunci

Matakai ukun farko sun faɗi ne saboda dalili guda: dukkansu takara ce da inji a filin da inji ya fi ƙarfi, wato araha da sauri. Rage farashi da sayen zaren inji ba su tsaya ga rashin amfani ba, sun cinye jarin da gidan bai san yana da shi ba, wato matan da suka iya kaɗa sili mai maikiron 14 ba tare da ya tsinke ba. Kalamkari kuwa ba shi da laifi a kansa. Kuskuren shi ne ɗaukarsa a matsayin gajeriyar hanya da ɗora shi kan yadi mara ƙarko.

Alamar GI ta yi aiki, amma ba ita ce ta ceci gidan ba. Ta zauna shekara biyar babu ɗakin gwaji, kuma da ɗakin ya samu, abin da ya fara yi wa gidan shi ne tona masa cewa ba shi da kayan da zai manna wa alama. Abin da ya juya lamarin shi ne biyan mai kaɗi lada mai kyau a kan kari, da ci gaba da biyanta a watannin da babu ciniki, sai kuma faɗa wa mai saye gaskiya game da kaya iri biyun. Ina ganin hukuncin riƙe masu kaɗi a 2019 da 2020, wanda a lokacin ya yi kama da ganganci, shi ne mafi hikima a duk shekarun nan ashirin da biyu.

Dole kuma a faɗi iyakar nasarar. Hanyar ta yiwu ne saboda gidan yana da 'ya mai ilimi, da kayan gado da zai sayar, da sunan da dattawan unguwa suka sani. Mai saƙar da ke aikin lada a masaƙar wani ba shi da ko ɗaya daga ciki. Gashin ma yana hannun makiyayan da wuraren kiwonsu ke ƙara ƙunci tun bayan rikicin iyakar Indiya da Sin a 2020, 'ya'yansu kuma suna gangarowa Leh neman wani aiki. Dattijon mai allura ya koyar da almajiri ɗaya kacal kafin idonsa ya hana shi ɗinki, kuma yaron bai kai ga ɗaukar jamawar shi kaɗai ba tukuna. A saman bene masaƙa biyu suna aiki kullum, ta uku tana aiki idan zare ya samu, ta huɗu kuwa an kwance ta an jingine da bango tun 2020.